Biyar a Cikin Buta

A bayan gidanmu na Dolgellau,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
akwai tsohuwar butar shayi a rataye jikin rumfa
tun shekarar da murfinta ya ɓata.
Watan Afirilu na leƙa ciki:
gansakuka, gashin tunkiya, ƙwai biyar
masu ɗigo-ɗigo kamar kumatun jikata Nesta.

Robin muke ce wa uwar,
'yar tsuntsuwa mai jan ƙirji
sai ka ce ta jingina da garwashi ta manta.
Nauyinta bai fi na wasiƙa ba.

Emrys ne mai lissafi a gidan nan.
Shekara talatin da ɗaya yana sa musu zobe a ƙafa,
yana rubuta lamba a littafi mai baƙin bango.
Da ya rasu na gaji littafin, da filaya, da tabarau.
A shafin ƙarshe ya bar mini wasiyya da fensir:
"Cikin huɗu, uku ba sa ganin bazara ta biyu.
Eluned, kada ki sa musu suna."

Ban sa ba. Nesta ce ta sa:
Maɓalli, Toka, Acici, Shiru,
da Latti, wadda ta fasa ƙwai bayan kowa ya gaji da jira.

Shiru ce ta fara tafiya.
Dare guda na sanyi, da safe baki huɗu suka buɗe.
Uwar ba ta zauna makoki ba,
tsutsa ce a bakinta.

Acici ya faɗo ƙasa fiffike bai ƙosa ba,
kyanwar Bevan maƙwabcinmu tana nan, mai haƙuri.
Bevan ya zo da hula a hannu.
Me zan ce masa? Na dafa shayi.

Maɓalli ya ga sararin sama a gilashin tagar kicin
ya yarda da shi.
Ina wanke kofi na ji ƙas,
ƙaramin sauti, ko cokali ya fi shi ƙara.

Toka ta kai Janairu.
Har na fara yi wa littafin gwalo.
Sai ƙasa ta daskare kwana tara,
tsutsa ta yi nisa, dare ya yi tsawo.
Na same ta a gindin shinge,
na ɗaga, kamar na ɗaga ganye.

Latti kuwa, tun da ja ya fara keto ƙirjinta
ubanta ya kore ta daga lambun,
don a wurinsu ja ba ya zama da ja.
Na rubuta: ba labari.
Wannan layin ya fi kowane yawa a littafin.

Ran nan, watan Maris, Gethin mai tumaki ya tsai da mota a ƙofa:
"Akwai wata mai zobe tana satar mini ulu a garke."
Na tafi da tabarau, gwiwa tana gunaguni.
Awa guda a tsaye cikin taɓo
kafin ta juyo mini da ƙafar dama.
Bakwai, ɗaya, tara.
Mai rabon ganin baɗi, ko ana muzuru ana shaho, sai ya gani.

Nesta ta ce, "Kaka, yanzu shekara nawa za ta yi?"
Na ce littafin kakanki ya ga masu biyu,
ya ga masu uku,
ya taɓa ganin wata mai takwas, har ya ja mata layi.
"Ita fa?"
Na ce ban sani ba.
Miƙo mini fensir,
sannan ki je ki leƙa butar a hankali,
jiya na ga an fara kai gansakuka.